Ɗakin da Ya Zo a Kan Amalanke

Da hantsi aka shigo da shi garinmu, bayan an gama ɗaurin gero a kakar 2017, amalanke biyu na shanu suna tafe a hankali cikin yashi. Na gaba ya ɗauko bangaye huɗu na ƙarfe, an kwantar da su ɗaya bisa ɗaya an tamke da igiyar roba. Na baya ya ɗauko ƙofa mai shuɗin fenti, da fallayen kwano, da buhun siminti guda, da wani gwangwani cike da notuna. Duk inda ƙafar amalanke ta faɗa rami sai kwanon ya ɗauki ƙara, har awaki su watse. Yara suka bar wasa suka bi baya, mata suna leƙe ta saman danga. Shagon Yaya ne. Rani uku ya yi a Kano yana tura kurar ruwa, yana ƙulle abin da ya samu, har ya kai ga biyan wani mai walda a Magarya ya ƙera masa ɗakin sayar da kaya, tsawo taku huɗu, faɗi taku uku.

Wanda na zuba wa ido ranar shi ne Kawu. Magini ne ɗan magina, kusan rabin sorayen garinmu hannunsa ne, kuma na ɗauka zai kau da kai ya bar su da ƙarfensu. Sai ga shi ya taso daga gindin gawo da igiyar awonsa. Shi ya ja layi a ƙasa, shi ya nuna inda za a haƙa ramukan ƙafafu. Yaron mai walda ya haƙa kamu ɗaya ya ce ya isa. Kawu ya zura hannu a ramin ya girgiza kai.

"Ƙara, ɗan nan, sai ya shanye maka hannu har kafaɗa. Ƙasar nan jigawa ce, iskar farkon damina kuwa ba ruwanta da ƙarfe."

"To, Baba," in ji yaron, ya koma ya duƙa.

Shi ne kuma ya sa aka juya ƙofar ta bar kallon gabas, don daga can hadari yake taso mana. Aka tayar da bangaye, mutum biyu na riƙe, ɗaya na ɗaure noti. Aka kwaɓa siminti aka cika ramukan, aka hau aka buga kwano. Kafin a kira la'asar an sa kwaɗo a ƙofa. Kawu ya zagaya shagon sau biyu, ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, sannan ya dubi Yaya ya ce: "Allah ya sa albarka. Da da ƙasa ka ce in yi maka, sai ka ba ni wata biyu da mutum goma." Babu haushi a muryarsa. Lissafi ne na mai sana'a, ya yi shi a fili.

Watannin nan biyu na san su, don a ƙarƙashin bangonsa na taso ina miƙa tubali. A haƙo ƙasa daga kududdufi, a zuba ruwa, a watsa ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta ruɓe, a sake tattakawa, sannan a cura tubali a shanya. Magini yana zaune bisa bango ana jefa masa ɗaya bayan ɗaya yana cafewa, ba ya ko duban ƙasa. Ba a ɗora wa bango fiye da abin da zai iya ɗauka a yini, sai ya sha iska tukuna. In an kai rufi, a jera azara ta giginya, mai ƙaramin ƙarfi ya sa ta goruba, a shimfiɗa zana, a ɗora ƙasa, a daɓe, a kafa indararo. Mai hali ya sa a yi masa yaɓen makuba. Kuma kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, sai an sake hawa an toshe tsaga an sabunta yaɓe, in ba haka ba soro ya yi maka yoyo a tsakar dare.

Talaka kuwa, wato yawancinmu, ɗakin jinka yake kwana. A nan akwai abin da ban lura da shi ba sai ranar shagon Yaya: ita ma jinka a ƙasa ake haɗa ta. A ɗaure tsaiko a fili, a zagaya shi da tanka, a yi yantar shuci, sannan a kira maƙwabta. Mazaje su shiga ƙarƙashi, wani ya ba da murya, su ɗaga gaba ɗaya su aza a kan bango. Na sha ganin jinka tana tafiya a cikin gari, ƙafafun mutane ne kawai ke bayyana a ƙarƙashinta, an ɗauko ta daga tsohon gida za a kai sabo. Don haka ɗakin da ake ƙerawa a wani wuri a zo a kafa a wani wuri, ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki, da kuma wanda ake kira in za a ɗaga. Da maƙwabci ake kira, a sallame shi da fura da goro. Yanzu mai walda ake kira, a sallame shi da jika ko naira.

Masu kukan an bar gargajiya sukan manta su tambaya ina shucin yake. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 570 a gundumar Magarya, da fiye da dubu 350 a ta Dungas, wadda aka cire daga jikin Magarya a 2011. Wuraren da suka kai mu cunkoso a karkarar Nijar kaɗan ne. Daga Bande zuwa Yekuwa, daga Dogo-Dogo zuwa Malawa, gona na manne da gona, saurar da a da ake bari ta huta ciyawa ta fito, an nome ta. Gamba ta koma 'yar tsirarriya a kan iyakar gonaki. Karan da muke zubarwa ya zama abin sayarwa, dabba na jira, murhu na jira. Giginya da goruba doka ta tsare su, kuma da gaskiyarta, don giginya takan yi shekaru masu yawa kafin ta isa azara. Wanda ya sare ba takarda zai haɗu da ma'aikatan gandun daji. Ga gara tana cin itace ta ciki kana zaune ba ka sani ba. Sannan babbar magana: lokacin gini shi ne rani, rani kuwa shi ne lokacin da samarin garin suke Kano, Legas, Agadas ko Libiya. Wa za a kira gayya? Tsofaffi da mata ba za su ɗaga jinka ba. Saurayin da ya dawo dab da damina yana da kuɗi kaɗan a aljihu da kwana kaɗan kafin shuka, dole ya nemi abin da za a gama masa a yini ɗaya.

Shi kansa kwanon ya daɗe yana tafe kafin ya iso mu. A Landan aka yi masa rajista a 1829, wani injiniya mai suna Henry Palmer ya ƙirƙiro shi don rufe rumbunan tashar jiragen ruwa. Ba a jima ba masana'antun Ingila suka shiga ƙera gidaje da coci-coci da rumbuna gunduwa-gunduwa, a sa wa kowane yanki lamba, a loda a jirgi, a je a haɗa a ƙasashen da suka mallaka. Tsohon gidan gwamna da ke Kalaba, na 1884, haka ya zo cikin jirgin ruwa. Mu kuwa gyaɗa ce ta kawo mana shi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙasar nan tamu ta zama ta gyaɗa, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka shiga saye, bayan 'yancin kai kuma aka kafa kamfanin gyaɗa na SONARA a 1962, har masana'antar tatsar mai aka yi a Magarya. Dattawa sun ce a zamanin, in ka hangi rufi yana walƙiya, to ko kanti ne, ko rumbun gyaɗa, ko gidan hukuma. Kwano na masu sikeli ne da masu hatimi. Fari na 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 suka karya wannan kasuwa, amma sha'awar rufin ta zauna a zukata. Sai bayan 1986, da naira ta fara zubewa kayan Najeriya suka yi araha ga mai riƙe da sefa, sannan kwano ya shiga ƙauye sosai, ta hanyar Tinkim da Ɓaɓura, ta Maigatari ranar Alhamis, wanda ya sayar da sa ya juyo da bandir biyu a kan mota. Daga nan ya zama ma'auni. Iyayen yarinya sukan so su ji ko ɗakin da za a kai ta na kwano ne.

Bayan kwano sai walda. Da wuta ta yawaita a manyan garuruwa, da janareto ya yi sauƙin samu, sai yaran da da za su gaji maƙera ko magina suka koma yanka bututun ƙarfe da liƙa shi. A bakin hanya za ka same su, tartsatsi na tashi, baƙin gilashi a fuska, wani ma ba shi da ko gilashin sai runtse ido. Ƙofa, taga, gado, rumfar kasuwa, rumfar masallacin Juma'a, shagon cajin waya, ɗakin injin niƙa, duk a wurinsu. Ka je ka faɗi tsawo da faɗi, ka ba da kafin alƙalami, a ce maka ka dawo bayan mako.

Ni dai ba zan iya zagin ƙarfe ba, saboda na san abin da zana take yi in wuta ta kama. A ajin zana na fara lakwal, muna zaune a ƙasa, rana na ratsowa ta ƙofofin saƙa tana zana mana ɗigo-ɗigo a kan allo. Ana kafa shi bayan girbi in an samu kara, shi ya sa karatu ba ya kankama sai an makara, kuma ruwan farko ne ke rufe shekara, ba malami ba. A ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na unguwar Pays-Bas a Yamai, ta ci yara aƙalla 20. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, aka sake yi a Maraɗi, yara aƙalla 25, 'yan shekara biyar da shida. A Fabrairun 2023 abin ya iso cikin garin Damagaram, yara uku. Hukuma da bakinta ta ce azuzuwan zana sun kai dubu 36 a faɗin ƙasa. Uban da ya ji wannan labari, in ya ga an kafa ginshiƙan ƙarfe an ɗora kwano a makarantar garinsu, hamdala zai yi, ni ma tare da shi. Haka nan ba zan ce ginin ƙasa ba ya cin amana ba. Daminar 2024 ta rushe gidaje ba iyaka a Nijar, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya zube mutane na kallo. Duk wanda ya taɓa kwana yana sauraron bango ya jiƙe yana tsoron ya faɗo wa 'ya'yansa, ya san dalilin da mutane ke neman abin da ruwa ba ya narkarwa.

To amma mu koma shagon Yaya, don kaka ce aka kafa shi, sanyi ya biyo baya, kowa na yabo. Bazara ce ta faɗi gaskiya. Da watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, shagon ya koma tanda. Alewa ta narke ta manne da leda. Sabulu ya yi gumi, man shafawa ya zama ruwa, batura suka riƙa mutuwa tun ba a sayar ba. Na taɓa shiga da azahar in ɗauko masa canji, na dafa bango ban sani ba, sai da tafin hannuna ya yi ja. Yaya ya daina zama ciki. Ya kafa 'yar rumfar zana a gaba, nan yake yini, in mai saye ya zo ya faɗa ciki ya ɗauko ya fito da gudu. Daga baya ya sayo zana huɗu da damin kara, ya hau ya shimfiɗa a kan kwanon, ya danne da tubali da tsohuwar taya. Shagon ƙarfen da aka saya don a huta da kara, ga shi sanye da hular kara. Ku duba a kasuwanninmu, ba shi kaɗai ba ne.

Dalilin a fili yake. Bangon Kawu kaurinsa ya kai kamu a gindi; zafin rana yakan yini yana ratsa shi, kafin ya iso ciki dare ya yi, shi ya sa soro yake da sanyi da rana, da ɗumi a daren hunturu. Fallen kwano kuwa bai kai kaurin farce ba. Abin da rana ta zuba masa, nan take yake sauke maka a ka. Kuma ba duk kwano ne ɗaya ba. Wanda aka sa wa Yaya mai shara-shara ne, irin da ake lanƙwasawa da yatsa biyu, alhali kuɗin mai kauri aka karɓa. Bai san ana tambayar kauri ba, bai san ana duba ko an shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin a shafa shuɗin ba. Damina ta uku gindin bangon ya fara cin tsatsa, wuraren ƙusa suka buɗe. Araha ba ta ado, balle arahar da aka sayar maka da tsada.

Wannan zafin shi ne yake damuna game da azuzuwa. Na shiga aji mai rufin kwano ƙasa-ƙasa, ba silin, yara sun fi saba'in, ƙarfe goma sha ɗaya na safe a watan Mayu. Rabinsu sun kifa kai a kan gwiwa, malamin yana magana yana share gumi da hannun riga. In ruwa ya sauka kuma, ƙarar kwano ba ta barin a ji ko kalma. Mun tsamo yaran daga wuta, wannan babban abu ne, amma ba a gama aiki ba in an bar su cikin wannan hali.

Akwai ranar da na ga amfanin shagon da ban taɓa tunani ba. Filin da aka kafa shi aro ne. Bayan shekara huɗu mai filin ya rasu, magada suka zo rabo, aka ce Yaya ya tashi. Da ginin ƙasa ne, da ya bar guminsa a nan ya tafi hannu rabbana. Sai ya kira yaron mai walda, aka kwance notuna da safe, aka fasa simintin ƙafafu, amalanke ya ɗauka, kafin magariba yana ciniki a bakin hanyar mota. A ƙasar da fili ya zama abin faɗa tsakanin wa da ƙane, ɗakin da za ka iya ɗauka ka tafi da shi dukiya ce irin ta dabba: ana sayar da shi, ana jinginar da shi, ana gadonsa. Wannan ne ya sa matasa marasa fili suka rungume shi, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai dai dukiya ce da igiyarta take hannun wasu. Ƙasar gini a bayan gari take, ba ta san iyaka ba. Kwano da bututu da sandar walda kuwa daga nesa suke zuwa. Da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, mun gani a farashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga can, sai a Maris na 2024 aka sassauta. A watannin nan masu walda da yawa sun yini zaune, wanda ya kunna janareto kuma ya ɗora kuɗin mai a kan mai saye. Na san mutanen da suka tayar da bango suka bar shi ba rufi damina guda, suna jiran bandir ya sauko.

Abin da nake gani shi ne mun karɓi ƙarfe mun sallami magini, alhali aikin na mutum biyu ne. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa, ya yi mata rufin ƙasa a ciki, sannan ya ɗaga kwano can sama a kan sandunan ƙarfe, ya bar sarari iska na wucewa tsakani, kwanon kuma ya zarce bango yana kare shi daga ruwa. Mutanen garin ne suka yi aikin da hannunsu. Wannan tunani ne ya kai shi ga babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, Pritzker, a 2022. Da na kwatanta wa Kawu, bai yi mamaki ba. Ya ce ai ko rumbu ba a aza shi a ƙasa, kuma ba a bar shi ba hula. Ƙasar Gando ba ta fi tamu ba, masu waldarmu kuma sun iya abin da ya fi wannan wuya.

Kawu ya tsufa yanzu, ba ya hawa bango. Cikin yaran da ya koya wa aiki, ɗaya ne kawai ya rage a sana'ar, sauran suna kabu-kabu ko suna walda a birni. Amma har yau in za a kafa rumfa a garinmu, akan aika a ɗauko shi ya zo ya nuna inda ƙofa za ta kalla.

Don haka ina roƙon magadan gari da kwamitocin iyayen yara daga Sassumburum har Dungas, da ƙungiyoyin da ke ba da kwangilar azuzuwa, da kai ɗan'uwa da ke cin rani kana shirin turo kuɗin ɗaki bana: a sayi ƙarfen, amma a tambayi kaurin kwano a gani da ido kafin a biya. A ɗaga rufin sama a bar wa iska hanya, a sa silin ko da na zana ne a ɗakin kwana, a cike tsakanin ginshiƙai da tubalin ƙasa maimakon falle, a dasa bedi a yamma da ginin. Kuma cikin kuɗin, a ware na yini biyu a kira tsohon maginin garinku ya tsaya a kan aikin, tun yana da ƙafar zuwa.